Harara-garke: abin da ya kamata iyaye su sani kafin a yi wa yaro aiki

"Bar shi, in ya girma zai miƙe." Wannan magana ta jawo wa yara da yawa asarar gani. Jariri kan karkata ido jefi-jefi a watannin farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma in ya wuce wata 4 ido yana ta komawa wajen hanci, a kai shi wurin likitan ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Ƙwaƙwalwa ba ta jure ganin abu bibbiyu, sai ta yi watsi da idon da ya karkace, ganinsa ya dinga raguwa. In yaro ya haura shekara 7 ko 8, dawo da ganin yana da wuya. Idan kuwa an hango fari a tsakiyar baƙin idon, kada a kwana, domin yana iya zama ciwon daji.

Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Wanda abin ya same shi yana ɗan shekara 2 ko 3, sau da yawa tabarau kaɗai ke miƙe masa ido. Wani kuma sai an riƙa rufe lafiyayyen idon da filasta, don raunannen ya koyi aiki. Wanda ya taso da shi tun kafin wata 6 ne aka fi yi wa tiyata, kuma likitoci sun fi so a yi kafin ya cika shekara 2.

Tsoron da ya fi hana iyaye amincewa shi ne wai za a ciro ƙwayar ido. Sam, ba a ciro ta. Tsokoki 6 ne ke juya kowane ido. Likita kan kwance wadda ke ɓangaren hanci ya ɗinke ta can baya kaɗan don jan ta ya ragu, wani lokaci ya gajarta ta ɓangaren kunne. Sai an sa yaro barci da magani ake yi, don haka a kiyaye umarnin hana shi abinci kafin aiki. Tausayi a nan haɗari ne.

Idon zai yi ja na wasu makonni. A ɗiga maganin da aka rubuta kawai, ban da tozali, ban da nonon uwa, a kuma hana shi wanka a kududdufi. Kumburi mai ƙaruwa, mugunya ko zazzaɓi, a koma asibiti ran nan.

A tambayi likita tun farko ko za a buƙaci aiki na biyu, domin hakan na faruwa. Mai tabarau kuwa kada a cire masa don an ga ido ya miƙe, sai likita ya ce.