Mai Hoton Biki a Zabarmari: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Da an gama yankan shinkafa a fadamar Jere, kuɗi suka shigo hannu, sai bukukuwa su kankama a Zabarmari. A lokacin ne samari ke fitowa da kyamara rataye a wuya, wasu 'yan gari, wasu daga Maiduguri a Keke Napep, kowa yana cewa shi mai hoto ne. Da kai nake, ɗana, kai da ka karɓi kuɗin mutane. Ke ma 'yata da kika shigo sana'ar, maganar ta haɗa da ke.

Tela in ya ɓata ɗinki, ana sayen wani yadin. Kai in ka ɓata aiki, ba za a sake ɗaura auren domin ka gyara ba. Kuma garin nan ya san darajar hoto fiye da yadda kake zato. Ranar 29 ga Nuwamba 2020, a nan aka yi jana'izar manoma 43 da aka kashe a gonakin shinkafa na Koshebe. Yaron da aka bari a goye ranar, in ya girma ya tambayi kamannin ubansa, hoto za a ɗauko masa, kuma talaka bai cika tsayawa gaban kyamara cikin kyakkyawar shiga ba sai ranar biki. Amana ce a hannunka. Ka karanta, ka kiyaye.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka je gidan biki kwana biyu kafin ranar, ka ga ɗakin amarya da tsakar gida da ƙofar masallaci. Wanda ya fara neman inda haske yake ranar biki ya riga ya makara.

2. Ka zauna da uwar biki da babban abokin ango, ka rubuta shagulgulan da lokutansu: sa lalle, kamu, wushe-wushe, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Hausawa da Kanuri da Shuwa kowa da al'adar da ba zai yafe maka ba in ka rasa ta.

3. Ka rubuta yarjejeniya gaban shaida: kuɗin aiki, kafin alƙalami, yawan hotuna, ranar bayarwa. Maganar baka ranar murna ita ce rigimar bayan biki.

4. Ka cika batir uku da daddare, ka riƙe cajarka a jaka. Maiduguri da kewayenta sun shafe watanni a duhu bayan an lalata turakun lantarki a Janairun 2021, kai ma kada ka dogara da wutar gidan kowa.

5. Ka tafi da kyamara biyu, ko ɗaya mai cin katin memori biyu a lokaci guda. Kati yana mutuwa ba tare da sallama ba.

6. Ka isa wurin ɗaurin aure awa ɗaya kafin lokaci, ka tsaya inda kake ganin liman da waliyyi da wakili a tare. Daga neman aure zuwa fatiha 'yan mintoci ne, kuma miƙa sadaki sau ɗaya ake yi.

7. Ka ɗauki hoton ango da amarya da sassafe ko bayan la'asar. Ranar tsaka a Borno tana zurma ido cikin inuwa, ta sa kowa ya yamutse fuska.

8. Ka auna haske a fuskar mutum, sannan ka duba farar babbar rigarsa. In rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin zaren da aka biya kuɗi a kansa ya tafi; ka ɗauka a tsarin RAW domin ka iya ceto shi.

9. Ka ɗaga saurin kyamara zuwa 1/250 ko sama da haka idan aka fara rawa. Ƙasa da wannan, hannu da gefen mayafi za su fito a jirwaye.

10. Ka kashe filasha idan an ɗora kaskon turaren wuta a ɗakin amarya, ka zaunar da ita gefen taga, hasken ya ratsa hayaƙin ta bayanta. Wannan hoton na Borno ne, ba wanda zai ce ka kwaikwayo shi daga wani wuri.

11. Ka matsa kusa da hannu da ƙafa ranar da lalle ya kama, ka ɗauki kitso da naɗin laffaya da zoben yatsa. Lalle yana gogewa cikin makonni, mai zanen kuma ta yini tana durƙushe a kansa.

12. Ka fara da tsofaffi kafin 'yan mata. Kakar da ke zaune kan tabarma tana tauna goro mai yiwuwa wannan ne bikinta na ƙarshe, ƙawayen amarya kuwa za su neme ka da kansu.

13. Ka yi aiki da abin da gidan yake da shi: katangar ƙasa, inuwar darbejiya, jeren kwanuka, buhunan shinkafa a zaure. Seydou Keïta, da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da hasken rana da zane guda a tsakar gida ya yi hotunan da manyan gidajen tarihi na duniya ke ratayewa yau.

14. Ka nemi hotunan Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, na aikinta Bits of Borno da ta fara a 2015, ka zauna ka nazarce su. Za ka koyi yadda ake ɗaukar mutanenmu da mutuncinsu, ba da tausayi ba.

15. Ka ɗauki mace abokiyar aiki, ka koya mata, ka biya ta. Rabin biki a cikin gida yake, inda kai ba ka da hurumin shiga.

16. Ka sa ido kan mahaifiyar amarya lokacin da ake yi wa 'yarta nasiha za a fita da ita. Hoton da za a fi daɗewa ana kallo yana nan, kuma ba ya jiran ka shirya.

17. Ka kwafe hotunan wuri uku a daren nan kafin ka kwanta: kwamfuta, rumbun ajiya na daban, da intanet. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere, duk wanda ajiyarsa ke ɗaki ɗaya ya ga abin da ya gani.

18. Ka wanke hotuna a takarda mai kyau, ka kai albam ranar da ka yi alkawari. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita ranar babu.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka karɓi biki biyu a rana ɗaya. Za ka ci kuɗin gida biyu, ka ɓata da gida biyu.

2. Kada ka shiga cikin gida ba sallama, ba izinin maigida. Kyamara ba ta mayar da kai muharramin kowa ba.

3. Kada ka ɗauki mace mayafinta ya zame, ko tana shayarwa, ko tana kai loma. In ya shiga bisa kuskure, ka goge a gabanta.

4. Kada ka sa hoton amarya a TikTok ko Facebook ko WhatsApp domin tallar kanka ba da yardarta da ta mijinta ba. Hoto ɗaya yana kashe auren da bai yi wata ba, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ba ta bayanka.

5. Kada ka watsa biki kai tsaye kana faɗin unguwa da lokaci. Ranar 29 ga Yunin 2024 an kai harin bam kan taron biki a Gwoza. Taron jama'a a jihar nan ba abin yi wa shela ba ne.

6. Kada ka tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto a sararin garin. Tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma sojan da ya gan shi a sama ba zai tsaya tambayar bikin wa ake yi ba.

7. Kada ka juya kyamara wajen shingen sojoji ko motarsu ko 'yan sa-kai, ko da a bayan ango suka faɗo. Ƙaramar asarar ita ce a ƙwace kyamarar da bikin mutane a cikinta.

8. Kada ka ja ango da amarya zuwa gonaki masu nisa don koren shinkafa ya yi maka kyau. Babu hoton da ya kai ran mutum. Bakin gari ya ishe ka, kuma ka koma gida kafin magariba.

9. Kada ka yaɗa bidiyon liƙi da tattaka kuɗi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ga mai yin haka, kuma bidiyon irin naka ne EFCC ke kai wa kotu.

10. Kada ka haska fatar amarya a kwamfuta, kada ka siranta mata hanci. 'Ya'yanta za su buɗe albam su ga baƙuwa.

11. Kada ka tsaya gaban liman, kada ka ƙetare dattawa da takalmi, kada ka ce a maimaita fatiha don ba ka samu ba. An zo ɗaura aure ne, ba a zo yi maka wasan kwaikwayo ba.

12. Kada ka harba filasha kai tsaye a fuska, musamman kan leshi mai duwatsu da kwalliya mai maiƙo. Ka juya ta ga rufin ɗaki ko farin bango, in ba haka ba goshi zai yi ƙyalli, ido ya yi ja.

13. Kada ka sa ango da amarya rungume-rungumen da ka gani a hotunan Legas da Abuja, ballantana kafin a ɗaura. Kai za ka tafi da kuɗinka, iyayensu za su zauna da surutun gari.

14. Kada ka gwada sabon kayan aiki ranar biki. Ka koya a kan ƙannenka, ba a kan ranar da ba ta dawowa ba.

15. Kada ka canza gilashin kyamara a fili lokacin hunturu, kada ka bar ta a rana lokacin bazara. Ƙura ɗaya a cikinta za ta bi kowane hoto da ɗigo, zafin da ke haura digiri 40 kuma yana kashe batir.

16. Kada ka goge kati a wurin biki don neman wuri, kada ka miƙa shi ga mai shagon tura waƙoƙi. Na farko zai share ɗaurin aure, na biyu zai raba matan mutane a wayoyin samari.

17. Kada ka sayar da waya ko kwamfuta ko ka kai gyara da hotunan mutane a ciki. Abin da ka goge sama-sama ana iya dawo da shi.

18. Kada ka yi wa kowa barazana da hotonsa don ya cika maka kuɗi, kuma kada ka karɓi lambar 'yan mata da sunan tura hoto. Na farko laifi ne a gaban alƙali, na biyu zai rufe maka ƙofar kowane gida a garin.

In duk da wannan ƙaddara ta faɗa maka, hotuna suka salwanta, kada ka kashe waya, kada ka ce gobe. Ka daina amfani da katin nan take, domin duk hoton da ka ƙara yana danne wanda ake iya cetowa. Ka kai shi wurin wanda ya san aikin, ka bi dangi ka tattaro abin da suka ɗauka a wayoyinsu, sannan ka je gidan da ƙafarka tare da wani babba, ka faɗi gaskiya, ka mayar da kuɗinsu.