Gigin Tsufa a Gadon Asibiti: Wayar da Kai ga Iyalai da Masu Jinya

Jama'a, duk wanda ya taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Kafanchan, ko a asibitocin Zonkwa da Kwoi da Kachia, ya san yawan tsofaffin da ake ba gado. Wani karaya ta kawo shi, wani hawan jini, wata ciwon suga. Amma akwai wata cuta da ke rako da yawa daga cikinsu, wadda ba kasafai ake rubuta ta a kati ba. Ita ce gigin tsufa.

Mene ne gigin tsufa?

Cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke cin tunani sannu a hankali, har mutum ya kasa gudanar da al'amuransa. Yakan manta ya ci abinci, ya ɓata a hanyar coci ko masallacin da ya shekara yana zuwa, ko ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Wani nau'in kuma toshewar jijiyoyin jini ke haddasa shi, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A lura, tsufa kaɗai ba ya kawo ta. Ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 da hankalinsu garau.

Yaya yawanta yake?

Binciken da aka fara a Ibadan a 1992 ya samu cutar a wajen mutum 2 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama. A Zariya an samu kusan 3 cikin 100, a Jos kuwa sama da 6. Duk waɗannan alƙaluman na tsofaffin da ke zaune a gidajensu ne. Idan aka shiga asibiti lissafi ya canza. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan wani asibiti a Landan ya nuna kashi 42 cikin 100 na masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar cikin gaggawa suna da cutar, kuma kusan rabinsu ba a taɓa gano ta a jikinsu ba.

Dalili a fili yake. Mai gigin tsufa shi ne ke manta shan maganin hawan jini, ko ya sha sau biyu. Shi ke faɗuwa a banɗaki ya karye. Shi ke wuni bai sha ruwa ba. Cutar ce ke tura shi asibiti, amma sai a yi maganin karayar a sallame shi, tushen matsalar na nan.

Me ya sa take ɓuya?

Na farko, iyali kan ce ai tsufa ne, ko su ji kunyar faɗa. Na biyu, likita ɗaya ga dogon layi ba ya samun sukunin gwada tunanin kowa. Na uku, harshe. A Kudancin Kaduna, tsohuwar da ta yi shekaru tana cinikin citta da Hausa a kasuwa tana iya komawa yaren da ta tashi da shi, na Bajju ko Atyap ko Ham, idan cutar ta yi nisa. Nas ta tambaye ta, "Mama, ina ke miki ciwo?" ta amsa da yaren da nas ba ta ji. Sai a ɗauka taurin kai ne.

Mafi muni shi ne zargin maita. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu majinyaciya ce, asibiti ya kamata a kai ta. Duka da tsangwama zalunci ne da Musulunci da Kiristanci duk suka hana.

A kuma bambanta gigin tsufa da ruɗewar farat ɗaya. Idan Baba lafiya lau jiya, yau ya kasa gane kowa, ana iya samun zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar suga ko illar wani magani. Wannan na bukatar likita nan take, kuma sau da yawa yana warkewa.

Abin da ya kamata mai jinya ya yi

1. Ka gaya wa likita tun ranar farko yaushe mantuwar ta fara, da yadda take ƙaruwa.
2. Ka zo da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya.
3. A bar wanda ya saba da shi, mai jin yarensa, ya kwana kusa da gadonsa.
4. A kawo masa tabarau da sandarsa, a riƙa ba shi ruwa da abinci a kan lokaci.
5. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa tsawa ko gardama. A lallashe shi.
6. Kafin sallama, a nemi a tura shi wajen ƙwararru, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitocin koyarwa na Jos da Shika.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar, amma kula da hawan jini da suga, barin taba da giya, motsa jiki da zama cikin mutane suna rage haɗarinta. Gano ta da wuri kuma yana sauƙaƙa wa kowa wahala.

Saboda haka muna kira ga hakimai, fastoci, limamai da ƙungiyoyin mata su yaɗa wannan bayani a taro da wuraren ibada, musamman ranar 21 ga Satumba da duniya ta ware don wannan cuta. Kai kuma da ke da tsoho a gida, idan ka ga mantuwa ta fara yi masa yawa, kada ka jira sai ya faɗi. Kai shi asibiti, ka yi wa likita cikakken bayani.