Mu Koyi Faransanci: Yadda Ake Cewa "Da... Da..."

Darasinmu na wannan wata yana kan wata magana da kowane Bahaushe ya iya tun yana yaro. Ita ce maganar "da". Manomi yakan ce, "Da ina da jaki, da na kai gero kasuwa." Duk wanda ya ji ya san babu jakin, geron kuma yana nan a rumbu. Faransawa ma suna da hanyar faɗin irin wannan magana. Sunanta conditionnel, ana furta shi "kondisiyonel". Mu za mu kira shi lokacin sharaɗi.

Me ya sa za mu koye shi? Da yawa daga cikinku kuna cin kasuwannin bakin iyaka, kamar Jibiya, Illela da Maigatari. Wasu kuma suna ƙetarawa Maraɗi, Ƙonni ko Damagaram. A kasuwa dai Hausa ta wadatar. A shekarar 2025 ma Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Amma Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki, kuma da shi ake rubuta takardu masu yawa na ofis, na asibiti da na kwastan. Haka kuma za ku tarar da shi a ofisoshin Jamhuriyar Benin, Chadi da Kamaru. A irin waɗannan takardu, harafi ɗaya tak yana iya raba alkawari da fatar baki. Za ku gani a ƙarshen darasi.

TUNI A KAN WAKILAN SUNA

Je, ni. Tu, kai ko ke. Il, shi. Elle, ita. Nous, mu. Vous, ku. Ils ko elles, su.

YADDA AKE GINA SHI

Aikatau ita ce kalmar da ke nuna aiki, kamar ci, sha, tafi. Don gina lokacin sharaɗi, abu biyu ake haɗawa: tushe da wutsiya.

Tushe shi ne aikatau yadda take a ƙamus, ba a taɓa ta ba. Misali, parler, wato yin magana.

Wutsiya kuwa guda 6 ce: ais, ais, ait, ions, iez, aient. Kowane wakilin suna da tasa. Ga yadda suke haɗuwa, tare da furuci:

Je parlerais (je parlere): da na yi magana.
Tu parlerais (tu parlere): da ka yi magana.
Il parlerait (il parlere): da ya yi magana.
Nous parlerions (nu parleriyon): da mun yi magana.
Vous parleriez (vu parleriye): da kun yi magana.
Ils parleraient (il parlere): da sun yi magana.

Ku lura da sauƙin da ke ciki. Wutsiyoyi 4 daga cikin 6 furucinsu ɗaya ne, wato "e". A rubutu kawai suka bambanta. Harafin v na vous babu shi a Hausa. Ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, sannan ku fitar da murya.

Aikatau mai ƙarewa da ir ma haka ake yi mata. Finir, gamawa: je finirais, da na gama. Mai ƙarewa da re kuwa, sai a cire e na ƙarshe tukuna. Vendre, sayarwa, ta koma vendr: je vendrais, da na sayar.

Ga alamar da ba ta ɓata. Kullum akwai harafin r daf da wutsiya. In babu r, to ba lokacin sharaɗi ba ne.

MASU CANZA TUSHE

Akwai wasu aikatau da ba su bin wannan ƙa'ida. Tushensu yakan canza, amma wutsiyar tana nan yadda take. Su ne kuma aka fi amfani da su, don haka haddace su ake yi:

Être, zama: je serais.
Avoir, mallaka: j'aurais.
Aller, tafiya: j'irais.
Venir, zuwa: je viendrais.
Faire, yi: je ferais.
Vouloir, so: je voudrais.
Pouvoir, iyawa: je pourrais.
Devoir, wajaba: je devrais.
Savoir, sani: je saurais.
Voir, gani: je verrais.

Kada ku ce za ku haɗiye su a rana ɗaya. Ku riƙe biyu kowace rana. Cikin kwana 5 kun gama.

AMFANI NA FARKO: SHARAƊI

Jimlar sharaɗi ɓangare biyu gare ta, kamar a Hausa. Ɓangaren farko yana farawa da si, wato "da" ta farko. Ɓangare na biyu shi ne mai ɗauke da lokacin sharaɗi.

Si j'avais un âne, je porterais le mil au marché. Da ina da jaki, da na kai gero kasuwa.

Si le prix était bon, je vendrais mes chèvres. Da farashi yana da kyau, da na sayar da awakina.

Ku dubi avais da était da suka biyo bayan si. Babu r daf da wutsiyarsu. Su wani lokaci ne dabam da ake kira imparfait. A yanzu ku riƙe waɗannan biyun, sun ishe ku farawa. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ce si j'aurais. Daidai shi ne si j'avais. Yaran Faransa ma suna yin wannan kuskure, har malamansu sukan ce musu si ba ya shiri da rais.

AMFANI NA BIYU: LADABI

Wannan shi ne wanda za ku fi bukata. Wanda ya shiga ofis ya ce je veux, wato "ina so", kamar ya ba da umarni ne. Mai ladabi cewa yake yi je voudrais (je vudre). Ma'anar ɗaya ce, amma ta biyun tana da taushi, kamar an haɗa da "don Allah".

Je voudrais voir le médecin. Ina son ganin likita, don Allah.

Pourriez-vous m'aider? Ko za ku iya taimaka mini?

Ku lura an yi amfani da vous ko da mutum ɗaya ne. Yadda muke ce wa babba "ku", haka su ma suke yi wa babba da baƙo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

AMFANI NA UKU: SHAWARA

Idan kuna son ba mutum shawara ba tare da tilasta masa ba, sai ku ɗauki devoir.

Tu devrais aller à l'hôpital. Ya kamata ka je asibiti.

Nous devrions partir tôt. Ya kamata mu tashi da wuri.

AMFANI NA HUƊU: "WAI"

'Yan jarida da masu labaran rediyo suna amfani da lokacin sharaɗi idan labari bai tabbata ba. Daidai yake da "wai" ta Hausa. Ku kwatanta waɗannan:

La frontière est fermée. Iyaka a rufe take.

La frontière serait fermée. Wai iyaka a rufe take.

Wanda ya ji serait, kada ya karyar da kayansa don tsoro, kada kuma ya ɗora su a mota kai tsaye. Ya bincika tukuna.

HARAFI ƊAYA MAI RABA ALKAWARI DA FATAR BAKI

Lokaci mai zuwa, wato "zan yi", tushensa ɗaya ne da na sharaɗi. Wutsiya ce ta raba su. Ga misali da payer, biya:

Je payerai. Zan biya.
Je payerais. Da na biya.

Bambancin harafin s ne kawai. A baki kuma mutane da yawa kusan iri ɗaya suke furta su. Na farko alkawari ne. Na biyu ya rataya a kan wani abu da babu shi a hannu. Wani lokaci za ku ga an rubuta paierai da paierais, duk daidai ne. Idan maganar wani ake yi, il payera shi ne "zai biya", il payerait kuwa "da ya biya".

Saboda haka idan an rubuta muku takardar bashi ko ta ciniki da Faransanci, ku duba wutsiyar aikatau da kyau. Ku nemi wanda kuka amince da shi ya karanta muku kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa. Da na sani ƙeya ce.

AIKIN GIDA

1. Ku rubuta donner, bayarwa, da wutsiyoyi 6.
2. Ku gyara wannan: Si j'aurais un vélo, j'irais au marché. Vélo shi ne keke.
3. Ku mai da wannan ta ladabi: Je veux de l'eau. Ina son ruwa.
4. Wanne ne alkawari, je viendrai ko je viendrais?

Sai kun gwada sannan ku duba amsa. Ta 1: donnerais, donnerais, donnerait, donnerions, donneriez, donneraient. Ta 2: Si j'avais un vélo. Ta 3: Je voudrais de l'eau. Ta 4: je viendrai, zan zo.

Ku riƙa maimaita jimlolin da ƙarfi, ku biyu ko ku uku, bayan an tashi daga aji. Wanda ya gane ya koya wa ɗan'uwansa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.