Tambarin Kaya da Shari'a: Dalilin Ganin Lauya Tun Kafin a Buga Suna

Mai sayen sabulu ko shinkafa ko maganin tari ba ya iya gwada abin da ke cikin leda tun yana gaban mai kanti. Suna yake dubawa, ko hoton da ya saba gani, ya biya kuɗinsa ya tafi. Wannan suna ko hoto ko alama da mai sana'a yake sa wa kayansa domin a bambanta su da na wani, shi ake kira tambarin kaya. Wanda ya yi shekara goma yana kyautata kayansa, amincin da ya samu wajen jama'a a jikin tambarin nan yake rataye, don haka duk wanda ya kwaikwayi tambarin ya kwashe masa masu saye.

Dokar da ke kula da wannan al'amari a Nijeriya ita ce Dokar Tambarin Kaya ta 1965, tare da gyare-gyaren da aka yi mata. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Shari'ar da ta shafi tambari mai rajista kuwa Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraronta.

Kuskuren da ya fi yawa

'Yan kasuwa da dama suna zaton cewa da zarar sun karɓi takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, sunan kayansu ya tsira ke nan. Ba haka abin yake ba. Waccan takarda sunan kamfani ko na kasuwanci take tabbatarwa. Tambarin da ake bugawa a jikin kwali da kwalba rajistarsa dabam, ofishinsa dabam, dokarsa ma dabam. Mutum yana iya riƙe takardar kamfaninsa shekara da shekaru, ya wayi gari wani ya riga shi rajistar sunan da yake sayar da kaya da shi.

Sashe na 3 na dokar ya bayyana cewa wanda bai yi rajistar tambarinsa ba, ba shi da ikon kai ƙarar keta tambari. Abin da ya rage masa shi ne ƙarar sojan gona, watau ya nuna wa kotu cewa wani yana sayar da kaya da sigar da za ta sa jama'a su ɗauka nasa ne. Ana cin irin wannan ƙara. A 1961 kamfanin magunguna na Niger Chemists da ke Anacha ya kai ƙarar wasu da suka buɗe kanti a titi ɗaya da shi da sunan Nigeria Chemists, kotu kuwa ta hana su amfani da sunan. Sai dai hanya ce mai tsawo da tsada, domin dole mai ƙara ya kawo shaidar cewa an san shi da sunan, kuma masu saye suna iya ruɗewa. Mai rajista kuwa takardarsa ce shaidarsa ta farko.

Aikin lauya kafin rajista

Lokacin da ya dace a ga lauya shi ne kafin a biya mai buga leda da kwali, kafin a rubuta allon kanti. Abu na farko da zai yi shi ne bincike a kundin ofishin rajista, ya gano ko akwai tambari iri ɗaya ko mai kama da wanda ake so. Kama ɗin nan ba a ido kaɗai take ba, har da kunne. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba sunaye biyu na maganin yara, Castoria da Casorina, ta yanke cewa sun yi kusa da juna ƙwarai, na biyun bai cancanci rajista ba. Hukuncin ya dace da yanayin kasuwanninmu, inda ake aiken yaro ya sayo kaya da baki, kuma masu saye da yawa ba karanta rubutun kwali suke yi ba.

Bayan bincike, lauya zai duba ko sunan da kansa ya karɓu. Doka ba ta yarda mutum ɗaya ya mallake kalmar da kowane ɗan kasuwa yake bukata wajen siffanta kayansa ba. Wanda ya kira shinkafarsa "Mai Kyau", ko ya sa mata sunan gari kawai, zai sha wuya kafin a karɓa. Ƙirƙirarriyar kalma, ko kalmar da ba ta da alaƙa kai tsaye da irin kayan ko ingancinsu, ta fi saurin wucewa. Ba a kuma karɓar tambarin da zai yaudari jama'a, ko wanda ya saɓa wa doka da tarbiyya.

Sai batun aji. An kasa kaya da ayyuka aji 45: 34 na kaya, 11 na ayyuka irin su sufuri da otal da makaranta. Sabulu da turare suna aji na 3, magunguna na 5, tufafi na 25, shinkafa da gari na 30, ruwan sha da lemo na 32. Rajista a aji ɗaya ba ta rufe sauran, saboda haka mai sarrafa man gyaɗa da ke da niyyar shiga sana'ar ruwan leda baɗi ya kamata ya faɗa wa lauyansa tun yanzu.

Abin da aka rubuta a takardar nema shi ne iyakar abin da za a kare. Kamfanin Ferodo, mai kayan birkin mota, ya kai ƙarar kamfanin Ibeto a kan kwalin da ya ce ya yi kama da nasa mai zanen ja da baƙi da fari. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce kalmar Ferodo ce tambarin da aka yi wa rajista, zanen kwalin ado ne kawai, ƙarar ta faɗi. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya faɗaɗa ma'anar tambari har ta haɗa da siffar kaya da ƙunshinsu da haɗin launuka, ya kuma shigar da ayyuka cikin dokar a fili. Duk da haka sai wanda ya nemi kariyar waɗannan abubuwa a takardarsa zai same ta.

Akwai tambaya guda da 'yan'uwa da abokan haɗin gwiwa kan ji nauyin yi: da sunan wa za a yi rajistar? Tambari dukiya ne, ana sayar da shi, ana ba da izinin amfani da shi, ana kuma gadonsa. Gara a rubuta mai shi tun ana shiri.

Bayan an shigar da takarda

Magatakardan ofishin zai duba neman, in ya gamsu ya ba da takardar amincewa, sannan a buga tambarin a mujallar ofishin. Duk mai ƙorafi yana da wata biyu daga ranar bugawa ya shigar da shi. In ba a samu ƙorafi ba, ko an saurara an kore shi, sai a ba da takardar shaidar rajista. Rajistar farko shekara 7 take yi daga ranar da aka shigar da nema, daga nan ana sabunta ta duk bayan shekara 14. Tambarin da aka bari shekara biyar a jere ba a yi ciniki da shi ba, ana iya neman a soke shi. Laifi ne kuma mutum ya nuna wa jama'a cewa tambarinsa yana da rajista alhali ba shi da ita.

Rajistar Abuja a kan iyakar Nijeriya take tsayawa. Ɗan kasuwar da kayansa ke shiga Maraɗi ko Garwa ko Injamena yana bukatar wata rajistar a ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde. Takarda guda daga can tana aiki a ƙasashe 17, cikinsu har da Nijar da Kamaru da Cadi da Benin.