Darasi: Yadda ake lissafin ƙarfin ƙodar tsoho a waya kafin a ba shi maganin ƙwayoyin cuta

Darasinmu na yau zai amfani ɗaliban kiwon lafiya da duk matashin da ke jinyar kakansa ko kakarsa a asibiti. Za mu duba wani lissafi da likitoci da masu harhaɗa magunguna ke yi a wayoyinsu, ta manhajoji irin su MDCalc da Calculate by QxMD, waɗanda ake saukewa kyauta.

Me ya haɗa ƙoda da magani?

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dama, kamar Gentamicin da Amikacin da Vancomycin, ƙoda ce ke fitar da su ta fitsari. Idan ta yi rauni sai maganin ya taru a jini. Gentamicin idan ya taru yana iya lalata ƙodar, ya kuma taɓa ji har mutum ya kurumce.

Ana gane aikin ƙoda ta gwajin kiriyatinin, wani datti da tsokar jiki ke samarwa. A nan matsalar take. Tsoho tsokarsa ta ragu, don haka kiriyatinin ɗinsa kan fito daidai a takarda alhali ƙodar ta gaji.

Lissafin da manhajar ke yi

A 1976 wasu likitoci biyu a Kanada, Donald Cockcroft da Henry Gault, suka wallafa ƙa'idar da har yau ake amfani da ita wajen auna magani. Ga ta:

1. Cire shekarun mutum daga 140.
2. Ninka sakamakon da nauyinsa a kilo.
3. Raba da 72, ka sake rabawa da adadin kiriyatinin a ma'aunin mg/dL.
4. Idan mace ce, ninka da 0.85.

Amsar ita ce yawan mililitar jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya.

Ga misali. Saurayi ɗan shekara 25 mai kilo 70, kiriyatinin 1.0, amsarsa wajen 112. Tsohuwa 'yar shekara 80 mai kilo 50, ita ma kiriyatinin 1.0, amsarta wajen 35. Takardar gwajinsu iri ɗaya ce, amma ƙodar tsohuwar ba ta yin ko kashi ɗaya cikin uku na aikin tasa. Ka ga ba za a ba su magani iri ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi

Kafin ka shigar da lamba, duba ma'auni. Yawancin ɗakunan gwaji a Najeriya suna rubuta kiriyatinin da µmol/L, sai ka raba da 88.4 ka samu mg/dL. A Nijar za ka iya ganin mg/L, wannan da 10 ake rabawa. Idan takardar tsohuwar nan ta ce 88 µmol/L ka zuba shi a gurbin mg/dL, amsar za ta faɗo ƙasa da 1, kamar ƙodar ta mutu. MDCalc na da maɓallin sauyawa tsakanin ma'aunin Amurka da na duniya. Tabbatar kuma nauyin a kilo yake, kuma an ɗora ta a sikeli ne, kar a yi kintace.

Inda lissafin ke yaudara

Ba a dogara da shi idan kiriyatinin na hawa da sauka cikin kwanaki, kamar ga mai amai da gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare. Haka nan ga mai ƙiba sosai, ko wanda ya daɗe kwance ya rame. Lambar eGFR da wasu ɗakunan gwaji ke bugawa kuwa ba ta la'akari da nauyin mutum, shi ya sa takan fi ta Cockcroft-Gault yawa ga tsoho siriri.

Kada ka rage ko ka ƙara wa mara lafiya magani da kanka, domin rage shi fiye da kima ma yana hana shi kashe cutar. Amfanin lissafin a gare ka shi ne yin tambaya. Idan an rubuta wa Kaka allurar Gentamicin, ka ce: "Likita, don Allah an auna ƙodarta kuwa? Ga shekarunta, ga nauyinta." Kuma kada a yarda a yi mata irin wannan allura a kemis ba tare da gwajin jini ba.