Ga 'ya'yanmu masu shirin jarrabawar babbar manhajar kwamfuta

'Ya'yana na Kura da Bunkure da Garun Malam da ke karatun kwamfuta a Wudil ko a Jami'ar Bayero, jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, kuma na san darasin babbar manhaja, dangin su Linux da Windows, shi ke hana da yawanku barci. Roƙona gare ku shi ne ku rage hadda. Wannan darasi da biro ake koyonsa.

Tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wurinku: abu kaɗan, mabuƙata da yawa, wa za a fara bai wa? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, iyayenku ke fama da wannan tambaya a bakin kanal. Da rani a buɗe wa wannan layi, a rufe, a buɗe wa na gaba. In rabon ya lalace, mai gona kusa da ƙofar ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe yana riƙe da fartanya yana kallon tumaturinsa na yaushi. Haka manhaja ke raba lokacin furosesa tsakanin ayyuka. Akwai tsarin karɓa-karɓa, kowa ya ɗan taɓa ya koma bayan layi. Akwai na fifita gajeren aiki, mai rage jira, amma yana iya barin dogon aiki da ƙishirwa. Maganinsa shi ne a riƙa ɗaga matsayin aiki gwargwadon daɗewarsa yana jira.

Ku gwada yanzu. Ayyuka 3 sun iso tare, na farko na buƙatar daƙiƙa 12, na biyu 3, na uku 6. In aka bi su a jere, jiransu 0 da 12 da 15 ne, matsakaici 9. In aka fara da gajere, jiran ya koma 0 da 3 da 9, matsakaici 4. Ku zana layin lokacin da hannunku, ku sauya alkaluman, ku sake. Malami zai sauya su ranar jarrabawa, wanda ya haddace na littafi kuwa a nan zai tsaya.

Batun kiki-kaka ma haka, inda ayyuka ke cijewa kowa na jiran kowa. Sharuɗɗa 4 da Coffman da abokan aikinsa suka jera a 1971 ku san su: abin da ake nema ba ya rabuwa, mai riƙe da ɗaya yana jiran wani, ba a ƙwacewa da ƙarfi, kuma jiran ya zagayo ya haɗe. Jera su ba wuya. Makin yana wajen nuna yadda karya guda ɗaya ke hana cijewar.

Wurin da ɗalibai suka fi zamewa shi ne musanya shafuka a ma'adanar kwamfuta. Hankali na cewa ƙarin gurbi ƙarin sauƙi ne, amma Belady ya nuna a 1969 cewa ba kullum ba. Ku ɗauki jerin 1, 2, 3, 4, 1, 2, 5, 1, 2, 3, 4, 5, ku riƙa fitar da shafin da ya riga sauran shiga. Da gurbi 3 za a rasa shafi sau 9, da gurbi 4 sau 10. Kada ku yarda don na faɗa, ku ja layuka ku cike teburin.

Ku nemo tsofaffin takardun jarrabawa, ku zauna uku-uku, ɗaya ya ƙirƙiro tambaya, biyu su warware, sannan ku yi musu a kan amsar. 'Yan matanmu da aikin gida ke cinye wa yini, iyaye a taimaka a sauƙaƙa musu na makonnin nan.

Daren jarrabawa ku kwanta da wuri, bayan Asuba ku ɗan duba teburanku. A cikin aji ku fara da tambayar da kuka fi iyawa, kuma ku rubuta kowane mataki na lissafi, don ko amsar ƙarshe ta kuɓuce, malami na iya ba da maki a kan hanyar da aka bi. Allah Ya ba ku sa'a.