Darasin Kimiyya: Yadda Ake Gane Abin Da Ke Cikin Gishiri

Idan uwargida a Kiru ko Bebeji ta jefa kanwa cikin ruwan tsamiya, nan take kumfa zai taso. Wannan kumfa gwaji ne na kimiyya. Irinsa ake yi a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare.

Masana sun ce kanwa da gishiri kowanne ya kasu gida biyu. Kashi ɗaya yana da alamar ƙari (+), ɗayan yana da alamar ragi (-), kamar kai da gindin batirin tocila. Ido ba ya ganin waɗannan kashi. Sai an gwada ake gane su. Ga gwaji uku na masu alamar ragi.

1. Kabonet. Shi ne ke cikin kanwa. Ana zuba masa ruwa mai tsami. In ya yi kumfa, alama ce yana nan.

2. Kulorayid. Shi ne ke cikin gishirin miya. Ana narka gishirin a ruwa, a ɗiga wani ruwan magani da ake yi da azurfa. Sai wani abu fari ya kwanta kamar kindirmo.

3. Ayodet. Shi ne ke ɗauke da aidin da ake ƙara wa gishiri. Ma'aikacin lafiya yana ɗiga ruwan gwaji mai sitaci a kan gishirin. In ya koma shuɗi, akwai aidin. In ya tsaya fari, babu.

Gwaji na uku ya shafi kowane gida. Rashin aidin yana kawo maƙoƙo. Yana sa mai ciki ta yi ɓari. Yana hana ƙwaƙwalwar yaro girma yadda ya kamata. Shi ya sa a shekarar 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci.

Gishirin da ake aunawa a kasuwar Tudun Wada ko Doguwa duk fari ne, duk ɗanɗano ɗaya. Harshe ba zai raba su ba. Saboda haka mai gida ya sayi na cikin leda mai rubutun aidin. Uwargida kuma ta adana shi a rufe, nesa da rana da damshi, don aidin kan ragu.

Tambayoyi:
1. Me ke sa kanwa kumfa?
2. Wane launi gishiri mai aidin ke komawa?
3. Wace cuta rashin aidin ke kawowa?